Taliyar jika 6 da tuwon da muke jin kunyarsa

Yau da laifina na zo gabanku, in har laifi ne. Ranar Asabar ta makon jiya na ɗauki uwargida bisa moto muka je wani ɗan gidan abincin Italiyawa da ke bakin unguwarmu a nan Yamai. Muka ci, muka sha, muka riƙo wa yara tsaraba, na zaro jika 17 na biya. Ranar Litinin, lokacin hutun ƙarfe 10, na yi suɓutar baki na ba abokan aiki labari ƙarƙashin bedin lakwal. Nan take wuri ya kaure.

Wani ya ce, "Mushe, ko tombola ka ci ba mu sani ba?" Dattijon cikinmu, wanda saura shekara 2 ya ajiye alli, ya ƙirga da yatsu ya ce na cinye tiya 20 na hatsi a zama guda. Wata malama ba ta tanka ba sai da hayaniya ta lafa, sannan ta ce, "Ni dai da maigidana ya ji wannan labari." Kafin in buɗe baki aka buga ƙarfe, kowa ya nufi ajinsa. To, amsar da ban samu na ba su ba ita na kawo nan, don ina ganin maganar ta fi ƙarfin inuwar bedi.

Bari in fara da yadda abin ya faru. Gidan ba babba ba ne. Tsakar gida ce aka share, aka zuba yashi mai tsabta, aka jera tebur 8 ƙarƙashin rumfa, a kusurwa aka gina murhun bulo inda ake gasa piza da itace. Fiye da shekara 2 muna wuce ƙofarsa duk lokacin da za mu je gaida yayarta, kuma kusan kullum sai ta leƙa ta ce, "Ko mi suke ci a ciki?" Ni kuma in ce, "Abincin Nasara ne," in ƙara wuta. Da kwasar adashenmu na malamai ta zo kaina wannan watan, na biya bashin mai kanti, na sayi buhun shinkafa, na ware kuɗin islamiyyar yara, sai na ga ragowa. Na ce bari dai in kashe mata wannan tambaya.

Ranar Alhamis na fara zuwa ni kaɗai, don na san girkin Italiyawa ba ya rabo da naman alade da giya. Sai na tarar mai gidan Bahaushe ne ɗan Dogon Dutsi. Ya ce shekara 12 ya yi a madafar wani Ba'italiye, daga wankin kwanoni ya fara har ya kai ga riƙon tukunya, sannan ya tara ya buɗe nasa. Alade ba ya shiga gidansa, giya ma haka, kuma inda girki ya nemi alade naman sa yake sawa. Duk wanda zai shiga irin waɗannan wurare ya fara yin wannan tambaya, babu kunya a ciki.

Ranar Asabar bayan Magariba muka isa. Yaro ya nuna mana tebur, ya kawo ruwan wanke hannu, ya miƙa mana takardar abinci, kowane girki da sunansa da abin da ke cikinsa da kuɗinsa a rubuce. Uwargida ta zaɓi taliya da miyar tumatir da niƙaƙƙen nama, don ita ta gane, jika 6. Ni kuma, don in nuna ni mushe ne, na ce a kawo mini abincin ranar, wani abu wai shi polenta, shi ma jika 6.

Tata ta fara zuwa. Ta kai loma ɗaya, ta sunkuyo ta ce, "Malam, ba ta nuna ba." Yaron ya ji, ya yi murmushi ya ce haka Italiyawa ke cinta, ba su bari ta yi luguf, sai da ɗan tauri a tsakiya wanda haƙori zai ji. Ta ce to, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sannan aka kawo nawa: abu rawaya mai tururi, an kwantar da shi tsakiyar faranti, an zuba miyar nama a gefe. Ta dube shi, ta dube ni, ta sa cokali ta ɗanɗana. Sai ta rufe baki da mayafi tana dariya har da hawaye.

"Malam, ai tuwon masara ne."

Tuwon masara ne kuwa. Ya ɗan fi namu laushi, an sa masa man shanu da cuku, amma ba a sake wa tuwo suna. Abin da ake saida malmalarsa dala 20 ko 40 a tashar mota, shi mushen lakwal ya saya jika 6 yana gyara zama.

Da mai gidan ya zo gaishe mu na faɗa masa abin da uwargida ta ce. Bai musa ba. Ya ce ranar farko da Ba'italiyen ya sa shi tuƙa polenta shi ma dariya ya yi, don tun yana yaro yake ganin gyatumarsa na tuƙa irinta da muciya. Na ce, to tunda ga wuri mai tsabta, ga hannu mai kyau, mi ya hana ka sa tuwon hatsi da miyar kuka cikin takardar nan? Ya girgiza kai ya ce, "Mushe, wa zai ba ni ko jika 2 don tuwo? In na rubuta tuwo su ce shi suka baro gida. In na rubuta polenta su ɗauke ta hoto kafin su ci."

Wannan magana tasa ita ta hana ni barci, ba jika 17 ba. Kuma a kanta nake son mu tsaya.

Abin da mafi yawanmu ba mu sani ba shi ne, galibin girkin da ake kira na Italiyawa girkin talakawa ne. Masara ba ƴar ƙasarsu ba ce, daga nahiyar Amurka ta je musu a ƙarni na 16, kamar yadda mu ma daga can asalin tamu yake. Manoman arewacin Italiya, a yankunan Veneto da Lombardiya, sun dogara gare ta har ya zama safe tuwo, rana tuwo, dare tuwo, ba nama ba nono. Wannan cin abu guda ya jawo musu wata cuta da ake kira pelagira, mai ɓata fata, mai kai mutum ga taɓin hankali, wadda ta addabe su a ƙarni na 18 da na 19. Har gobe mutanen kudancin ƙasar na tsokanar na arewa da sunan polentoni, wato maciya tuwo. Ita ma piza abincin bakin titi ce ta matalautan birnin Napoli: ɗan kwaɓin fulawa a gasa, a shafa masa abin da ya samu. Shi kansa tumatir daga Amurka ya zo, kuma an daɗe ana ɗari-ɗari da shi kafin ya shiga tukunya. Sai a 1692 aka fara ganin miyar tumatir a rubuce cikin wani littafin girki da aka buga a Napoli.

Daga ƙarshen ƙarni na 19 talauci ya kori miliyoyin Italiyawa zuwa Amurka da Ajantina da Barazil, kamar yadda yunwa ke kai samarinmu cin rani Abijan da Libiya. Ba su tafi da dukiya ba, amma sun tafi da girkin iyayensu, kuma ba su ɓoye shi ba. Duk unguwar da suka sauka sai su buɗe ɗan gidan abinci na iyali, uwa a madafa, uba a ƙofa, ƴaƴa na hidima. Irin waɗannan gidaje suke kira tratoriya, kuma jikan jikansu ne ya iso bakin unguwarmu a Yamai.

To yaya aka yi abincin yunwa ya zama abincin alfarma? Ba da addu'a kaɗai ba. Na farko, sun rubuta shi. A 1891, shekara 30 bayan haɗewar Italiya ta zama ƙasa guda, wani ɗan kasuwa mai suna Pellegrino Artusi ya tara girke-girke 475 ya buga littafi da kuɗin aljihunsa, don masu buga littattafai sun ƙi karɓa. Matan gida daga sassan ƙasar suka riƙa aiko masa nasu cikin wasiƙa, yana gwadawa yana ƙarawa, har suka kai 790. Na biyu, sun tsare sunan kayansu da doka. Cukun da ake kira Parmigiano Reggiano, alal misali, ba mai ikon sa masa wannan suna sai an yi shi a wani keɓaɓɓen yanki na kewayen Parma da Modena, kuma sai ya yi aƙalla wata 12 a ajiye. Na uku, sun yi kishinsa. A 1986, da kamfanin McDonald's ya buɗe shago a tsakiyar birnin Roma, wani ɗan jarida mai suna Carlo Petrini da abokansa suka tashi tsaye, daga nan ƙungiyar Slow Food ta samo asali, mai kare girkin gargajiya da ƙananan manoma. A 2017 kuwa hukumar UNESCO ta sa sana'ar masu gasa piza na Napoli cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Gurasar talaka ke nan ta kai inda ta kai.

Yanzu mu juyo gida. Mi muka rasa? Ga albasar Galmi da ake lodinta zuwa Gana da Kodebuwa. Ga tattasan Diffa. Ga kilishi, ga cukun Buzaye da Fulani, ga alkakin Damagaram, ga man gujiyar Maraɗi da ƙuli-ƙulinsa. Ga dambu da zogale, ga burabusko, ga ɗan wake, ga fura da nono wadda ba ta da na biyu ranar zafi. Ga daudawar kalwa da daudawar batso, waɗanda ke yi wa miya aikin da tsohon cuku ke yi wa girkin Italiyawa. A 2023 ma hukumar OAPI ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajistar suna, wanda mataki ne mai kyau. Amma takarda ba ta ciyar da baƙo. Tambayata ita ce: in yau na yi baƙo mai daraja a Yamai ko Maraɗi ko Tawa, ina zan kai shi ya zauna cikin mutunci ya ci tuwon hatsi da miyar guro? Wuraren ƙalilan ne, kuma ba a unguwanninmu suke ba.

A manyan otal za ka samu soyayyen dankali da gasasshen nama irin na Faransa. A bikin masu hali za ka ga salati da kaji da kuskus a gaba, tuwo kuma can baya wajen tsofaffi. A gidajenmu, in baƙo ya sauka, sai a aiki yaro kanti ya sayo maka da tumatirin gwangwani da lemun kwalba. In kuma ya zo ba shiri, maigida ya ce, "Ka yi haƙuri, yau tuwo kawai aka yi." Ku dubi wannan magana. Haƙuri muke ba mutum don mun ba shi abincin da ya raine mu.

Gidan tuwon da muke da shi kuwa, kowa ya san shi: rumfar kwano a gefen tasha, benci guda, ƙuda, roba ɗaya ta wanke hannu ga mutum 20. Ba laifin matan da ke tuƙawa ba ne. Da yawansu hannunsu ya fi na masu otal, amma ba su da jari, kuma masu cin nasu ƴan kabu-kabu ne da leburori da matafiya, waɗanda dala 60 ce iyakar ƙarfinsu. Ga kuma tsohon kallon da muke yi wa sana'ar. Kowa ya san abin da ake nufi in an ce wance mai tuwo-tuwo ce, ko da kuwa bazawara ce mai ciyar da marayu da guminta. Magidanci in an gan shi bisa bencin nan sai a fara tambaya ko matarsa yaji ta yi. Matar aure kuwa ba ta zama ko kusa, sai dai ta aiki yaro da kwano. Haka abin ke zagayawa: mai kuɗi ba ya zuwa don wurin bai yi ba, wurin kuma ba zai gyaru ba don mai kuɗi ba ya zuwa. Kuɗin da ya kamata su gyara gidan tuwo su ne ke tafiya gidan piza da na shawarma.

Kada wani ya ɗauka ina yaƙi da abincin baƙi ne. Abinci matafiyi ne tun fil azal. Ana yawan cewa ita kalmar taliya daga sunan Italiya ta fito. Su kuma Italiyawan, tun 1154 masanin ƙasa al-Idrisi, Musulmi ɗan Magrib, ya rubuta cewa a tsibirin Sisiliya ana yin wani abincin fulawa mai kama da zare, ana kiransa da sunan Larabci itriya, ana lodinsa cikin jiragen ruwa zuwa ƙasashe. Ka ga kowa ya ara daga wani. Iyayenmu mata sun karɓi taliya, suka murza ta da hannu, suka shanya bisa igiya, suka ci da man gujiya da yaji, ta zama tamu har muna ce mata taliyar Hausa. Wannan aro ne mai kyau. Wanda nake kuka da shi shi ne mu ara mu kuma raina namu, har ya kai sai an sa wa tuwo sunan waje kafin mu yarda ya cancanci faranti mai tsabta.

Akwai abu na biyu da na saya a daren nan, wanda ba a rubuta cikin takardar lissafi ba, kuma shi malamar nan ta hango. Shekara 18 ke nan da aurenmu. Da na zauna ina kallon uwargida tana juya cokali mai yatsu, sai na lura ban taɓa ganinta zaune gaban abincin da ba ita ta dafa ba ko ta raba. Ko gidan biki ta je, madafa ake tura ta don an san hannunta. Ni a ƙofar gida nake ci tare da maƙwabta. Ita sai ta zuba wa kowa, ta bi yara da loma, sannan ta ci abin da ya saura, sau da yawa a tsaye, wani lokaci ƙanzo. A daren nan aka kawo mata, aka tambaye ta ko ya yi, aka ɗauke kwano ba ita ta wanke ba.

Mun yi awa ɗaya da rabi zaune, ba yaro mai kuka, ba mai sallama a ƙofa. Bayan an gama dariyar tuwo sai hira ta koma wani wuri. A nan ta gaya mini cewa babbar ɗiyarmu na son shiga ekol normal in ta gama, tun bara take son faɗa mini, amma tana tsoro, don kullum tana jin ina cewa ba zan bar ɗana ya yi aikin alli ba. Gida ɗaya muke kwana da yarinyar nan, ban sani ba. Da ba mu fita ba, Allah kaɗai ya san ranar da zan ji.

Ga inda maganganun biyu suka haɗu. Don mi sai magidanci ya tanadi jika 17, ya je inda ake kiran abinci da sunan da bai iya faɗi ba, kafin ya samu wurin da zai zauna da iyalinsa cikin sutura? Da akwai gidan tuwo mai mutunci a unguwa, da jika 4 ko 5 sun ishe mu, mu da yaran gaba ɗaya, kuma da kuɗin sun koma aljihun mai hatsi da mai kuka da mai daudawa.

Yanzu bari in ba abokan aikina haƙƙinsu, don ba duka maganarsu ce banza ba. Dattijonmu ya yi gaskiya, jika 17 kuɗi ne. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi bisa doka yake jika 42, abin da na kashe ya kai kashi 2 cikin 5 na watan wani bawan Allah. Akwai gidajen da tiya 20 ɗin nan ita ce tsakaninsu da kwana da yunwa, kuma wasu ƴaƴansu na cikin ajina. Ban manta ba. Ba zan koma wata mai zuwa ba, ko na bayansa. In Allah ya kai mu baɗi, wataƙila. Wanda ake bi bashi, ko wanda rumbunsa ya yi ƙasa, ko wanda bai biya kuɗin maganin gyatumarsa ba, ba shi da hurumin zuwa irin wannan wuri, kuma in ya je ya yi almubazzaranci. Addini ya hana ɓarnar dukiya, wannan ba gardama.

Amma addinin nan dai shi ya yi umarni da kyautata wa iyali. Kuma mu yi wa kanmu adalci wajen lissafi. Nawa fadar shayi ke ci a wata, tsakanin ganye da sukari da gawayi? Nawa muke zubawa cikin waya don kallon abin da ba zai amfane mu ba? Nawa anko ke ci a biki guda, atamfar da za a sa sau ɗaya a jefa cikin akwati? Ba wanda ke ƙirga waɗannan da tiya. Sai ranar da mutum ya kashe wa matarsa ne ake fiddo ma'auni.

Wani kuma zai ce kunya fa? Ai ba al'adarmu ba ce miji da mata su zauna suna ci a gaban mutane. Na yarda kunya ado ce, kuma ba na kiran a watsar da ciyayyar ƙofar gida. Al'ada ce mai albarka, da ita ake sanin maƙwabcin da bai ɗora tukunya ba a rufa masa asiri ba tare da ya roƙa ba. Amma ku je ku leƙa gidajen piza na Yamai daren Asabar, za ku ga alhazai da hajiyoyi da ƴaƴansu zaune, ba wanda ya ce sun yi rashin kunya. Kunyar da ke barinmu mu ci piza a fili amma ta hana mu cin tuwo, sunanta raina kai. In kuma sutura ake so, ai ba wuya: a ware ɓangaren iyali, a sa zana ko labule, a shimfiɗa tabarma ga wanda bai son kujera.

To mi ya kamata a yi? Abin da na gani a gidan nan ba sihiri ba ne, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu. Wuri a share. Ruwan wanke hannu mai gudana da sabulu. Farashi a rubuce, ba sai an dubi rigar mutum ba. Girki kaɗan, kamar 6 ko 7, amma ɗanɗanon yau shi ne na gobe, don ana awo, ba a cewa a zuba daidai misali. Mai hidima ya san abin da ke cikin kwano, ya iya bayaninsa ba tare da sunkuyar da kai ba. Kowane abinci a kira shi da sunansa da garinsu: tuwon hatsi da miyar kuka mai daudawar batso, burabuskon Damagaram, dambu da zogale, fura mai nonon safe. Masu iya magana sun ce in kana da kyau ka ƙara da wanka. Kyan muna da shi, wankan ya rage.

Kiran nawa ga mutum uku ne. Masu ɗan jari da ƙungiyoyin mata masu asusu: maimakon shagon shawarma na 10 a layi guda, ku nemi matar da duk unguwa ta san miyarta, ku yi mata rumfa mai kyau, ku raba riba da ita, kada ku maida ta ƴar aiki. Mu ma'aikata da ƴan kasuwa: in an buɗe, mu je, mu kai iyali, mu biya jika ɗaya ba tare da cewa "tuwon ne jika?" ba. Wanda ya biya jika 4 don gurasa da cuku bai da bakin yi wa mai tuwo ciniki. Hatsi sai an surfa, an wanke, an niƙa, an tankaɗe, an yi talge, an tuƙa. Wahalarsa ta fi ta tafasa taliya nesa ba kusa ba.

Na uku mu malaman lakwal. Tun 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, kuma kullum muna kukan babu abin karantawa cikinta. Ga abin rubutawa nan cikin madafar kakanninmu, yana tafiya kabari tare da su ɗaya bayan ɗaya. Ranar Talata na ba ƴan ajina aikin gida: kowa ya je wurin kakarsa ko wata tsohuwa ta gidansu, ya rubuto yadda take yin miya ɗaya, da awo, ludayi nawa, minti nawa, mi ake fara sawa. Na ce kowa ya rubuta da harshen da ya fi iyawa. Ranar Alhamis na karɓi takardu 47, wasu da Hausa, wasu da Zabarmanci, wasu da Faransanci. Miyar kuka kaɗai na samu iri 9. Wata yarinya ta ce kakarta ta tambaye ta sau 3 ko da gaske mushe ne ya aiko, don tunda take ba a taɓa tambayarta wani abu daga lakwal ba. Na ɗinke takardun da zare na ajiye cikin aji. In kowane malami ya yi haka sau ɗaya a shekara, kafin shekara 5 muna da littafin da ya fi na Artusi kauri.

Jiya na sake bi ta gidan abincin, ba don in ci ba. Na ce wa mai gidan ya gwada dare ɗaya a mako, ko Alhamis ce, ya tuƙa tuwon hatsi ya sa cikin farantan nan nasa, ya rubuta sunansa tuwo. Ya yi shiru, sannan ya ce in zan kawo masa mutum 10 masu biya, zai gwada, amma miya ba fanninsa ba ce. Da na faɗa wa uwargida ta ce miya ba matsala, sai dai a yi maganar kuɗinta tun da wuri, don ta daina aikin banza. Na riga na samu mutum 4, har da dattijon da ya ƙirga mini tiya, wanda ya ce zai zo ne don ya ga ƙarshen haukata. Saura 6. Wanda ke Yamai kuma yana da niyya, ya shirya jika ɗaya da rabi, ya zo da uwargida.

Allah ya sa albarka cikin abin da muke ci, ya saka wa masu dafa mana da alheri.